Labarin da Aka Cire wa "Wai"

Saura kaɗan in haɗiye wannan labari in bi shi da ruwa, don mutanen da ke ciki duk suna nan Gaya, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Amma bakina bai iya ajiya ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, shofer ne, yana jan motar wani Alhaji tsakanin Gaya da Junju. Wata ranar kasuwa magana ta tashi a tasha: wai ya sauke wani tsoho marar lafiya bayan garin Bana, rana tsaka, ya yi gaba abinsa. Kafin la'asar Alhaji ya aiko an karɓe lakilen mota, wato makullinta, ya ce sai ya ji gaskiya tukuna. Da motar nan kuwa taubashina yake ci da iyalinsa.

Ni Alhaji ya sa in bi sawun maganar, tunda na sha yawo, daga Kwatano har Agadas. Na fara da mai laifin.

"Bawana, me ka aikata?"

"Kai ne bawan. Tsohon da kansa ya bubbuga mota ya ce a sauke shi, ga hanyar ƙauyensu nan. Ta madubi na gan shi yana ɗaga mini hannu."

Ɗaga hannu dai iri-iri ne. Akwai na sai an jima, akwai na tsaya don Allah, madubi kuwa ba ya bambanta su. Ban saki jiki da shi ba.

Wata mai sayar da busasshen kifi, wadda ta zauna can kujerar baya a motar, ta ce ita ƙeyar tsohon kawai ta gani. A labarinta babu shofer ma sam, sai tarin da ya hana ta gyangyaɗi da buhun da ya danne mata ƙafa.

Sai ɗan kamashon tasha, mai loda fasinja. Nasa ya fi daɗin ji. Ya faɗi yadda maƙogwaron tsohon ya bushe, yadda ya bi motar da ido, har abin da ya ce a zuciyarsa game da ƴaƴan zamani. Mutane na girgiza kai, ni ma ina taya su, sai na lura da abu guda: tun da ya fara bai ce "wai" ba. Mu kuwa nan, abin da idonka bai gani ba, a kan "wai" kake ɗora shi.

"Ƙanena, kai ma kana cikin motar ne?"

"A'a, Yaya, ina nan ina lodi."

"To cikin tsohon ka shiga ke nan? Ta wace ƙofa?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Daga baya na ji ƙanensa ya daɗe yana neman motar da zai ja. Wai dai.

Na koma wurin Alhaji na shimfiɗa masa duka ukun, kowanne da inda mai shi yake zaune: na madubi, na ƙeya, da na wanda ya ga har cikin zuciya alhali yana tasha. Alhaji ya jima yana kallona, kamar ni ma yana neman inda na zauna, sannan ya laluba aljihu ya miƙo lakile.

Na dawo gida ina ba mai ɗakina labari, ina ƙara masa gishiri. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce:

"To Malam, shi tsohon, cikinku wa ya je ƙauyen ya ji ta bakinsa?"