Lungun Allon Malam Ɗigo-Uku

Har yanzu ƙarfe shida da rabi yake fitowa. Ya goge takalmi, ya sa alli biyu a aljihun gaba, ya ja ƙofa, ya tako har bakin titi. A nan yake tunawa wata uku ke nan da ya ajiye aiki. Sai ya ɗan tsaya yana kallon motoci kamar mai jiran baƙo, sannan ya juya a hankali. Ni kuwa ina leƙe ta taga, don gidana ke kallon nasa, kuma Allah bai yi ni da kawar da kai ba.

Ku tsofaffin ɗaliban makarantarmu kun san shi. Malamin lissafi ne, wanda kuka laƙaba wa Ɗigo-Uku kuna zaton bai sani ba. Ya sani. Ni na gaya masa. Ni ce Gwaggo mai sharar ajujuwa, shekara ashirin da shida ina kwashe ƙurar allinsa. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya haɗiye abinsa.

Ranar da na fara aiki na ɗaga tsumma zan goge allo, sai na ji an riƙe shi ta baya.

"Baiwar Allah, goge ko'ina, ban da wancan lungun."

A saman allon ta dama ya zagaye wasu lambobi da layi, na sama da na ƙasa, an jera su, ƙarshensu ɗigo uku. Na ce, "Malam, lambar wayar budurwa ce?" Bai yi dariya ba. Sai da muka shekara biyu ya ba ni amsa, ya ce, "Da ta fi sauƙin sha'ani."

Duk sabon aji da wannan lungun yake tarbarsu, ni ina bakin taga da tsintsiya ina aikin da na fi iyawa. Yakan ce, "Na sama ninki yake yi: biyu, huɗu, takwas, sha shida. Na ƙasa kuwa ɗaya ne sau biyu, sau uku, sau huɗu, haka yake tafiya. Ɗigo ukun nan na nufin ba tsayawa. In muka tara su duka, wa ya ce jimlar za ta fasa rufin nan?" Kowa ya ɗaga hannu. Ni ma shekarar farko na ɗaga tsintsiya.

Sai ya fara. Ɗaya, a ƙara biyu, a ƙara huɗu bisa biyu, takwas bisa shida, sha shida bisa ashirin da huɗu. Biyar ɗin farkon nan bakwai suke bayarwa cif. Daga nan na ƙasa ya fara haɗiye na sama: talatin da biyu bisa ɗari da ashirin, sittin da huɗu bisa ɗari bakwai da ashirin. "Ku yi ta tarawa har jikokinku su yi furfura, ba za ku kai bakwai da rabi ba."

Kowace shekara kuma sai an samu mai ƙaton kai ya ce, "To Malam, a yanke na bayan mana, tunda ba sa ƙara komai." Nan kaɗai nake ganin ya ɗaga murya.

"Ƙanƙancewa suke yi, ba sifili suke zama ba! Ka jefar da guda ɗaya, amsarka ta zama ƙarya."

Malam, kai ne ba ka taɓa yin hutun tara a ɗakin malamai ba. Bencin baya kake komawa, wurin waɗanda kowa ya yanke wa ƙauna, shayinka yana hucewa a kan taga. Kai ne wata nas ta ambata tana ɗaura mini ƙarin ruwa a asibiti, tana ƙirga ɗigon da agogo, ta ce, "Gwaggo, ba don shi ba da yanzu na cika miki jijiya." Kai ne ka binne matarka, bayan mako guda ka dawo ka rubuta kwanan wata a allo, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Sallamar da aka yi masa, in faɗa muku? Minti goma a taron malamai. Agogon bango aka ba shi, shugaban makaranta ya ce shekara talatin ya yi, alhali talatin da huɗu ne. Bai gyara masa ba, mutumin da ba ya yafe ɗigo.

'Yarsa ɗaya ce, tana nesa, sai waya. A barandarsa kujeru biyu ne, ɗaya tasa, ɗaya ta marigayiya. Kullum da yamma duka biyun yake fitarwa, ya mayar da su duka biyun.

Makon jiya na shiga na tarar yana cusa littattafansa na aiki cikin kwali, na shekara talatin da huɗu, dukansu da rubutun hannunsa. Wai mai kwasar shara zai ba.

"Gwaggo, na yi lissafin kaina," ya ce. "Shekarun farko su ne bakwai ɗin. Na bayan nan ƙura ce. Na ji ma an kawo mai fenti, an shafe allunan duka."

Na ce, "Ka je ka gani?"

"Me zan gani? Baƙin allo?"

Ni na je. Ga abin da ya faru, kuma malamai uku shaida ne. Mai fentin nan, dogo mai giɓi, ɗan bencin baya ne, sau biyu yana faɗuwa lissafi. Ya shafe allon tas, da ya zo lungun sai ya bi gefen layin ya zagaye shi. Shugaba ya hau faɗa. Mai fentin ya miƙa masa burushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi, kai ka shafe. Ni hannuna ya ƙi." Shugaba ya riƙe burushin har fenti ya ɗiga masa a takalmi, sannan ya ajiye ya fita. Sabuwar malamar lissafi da ta gaje shi kuma ta bi lambobin da sabon alli, har ɗigo ukun.

Ban gaya maka da baki ba, Malam, don za ka ce Gwaggo ce, ta ƙara gishiri. Shi ya sa na rubuta inda masu shaida za su gani. Kai ka ce ƙanƙancewa ba sifili ba ce. Shekara ashirin da shida kana cika mini kunne da ita, yanzu kuma za ka yanke na bayan? Mun gode, mai alli biyu. Allah ya saka maka, ya ƙara wa masu koyarwa irin haƙurinka da bencin baya.

Kwalinka da ka nema ka rasa, ba mai shara ne ya ɗauka ba. Yana ƙarƙashin gadona, ka daina tuhumar bawan Allah. Ba zan dawo da shi ba sai ranar da na leƙa na ga mutum zaune a kujera ta biyu.

Ku kuma, nas da mai fenti da duk mai ƙaton kan da ya taɓa cewa a yanke: ƙarfe biyar yake fitar da kujerun. Ba sai kun zo da komai ba. Ina taga, kuma na san fuskar kowa.