Baƙar Tsatsar Takobin Kawu Shigeharu

Kawu Shigeharu, yayan mahaifiyata, ya shekara arba'in yana yin awara a wani ƙauye a Okayama ta ƙasar Japan. Bai yi aure ba. Duk abin da ya samu a tsofaffin takubban samurai, mayaƙan Japan na zamanin da, yake ƙarewa, har ya tara bakwai. Ranar Lahadi yakan zare su ɗaya bayan ɗaya, ya ciji farar takarda don kada numfashinsa ya taɓa ƙarfen, ya shafa musu man kanumfari.

Akwai guda da ya fi so. Wanda ya sayar masa ya ce na wani mayaƙi ne da ya tare gada shi kaɗai har ubangidansa ya tsere, shekara ɗari huɗu da suka wuce. Duk mai sayen awara ya sha wannan labari. Shi kansa Kawu bai tabbata ba, ya kuma daɗe yana son ya sani. Da ƙyar wani masanin takubba, tsoho Kuramoto, ya yarda zai zo ya duba.

A lokacin na gama jami'a, ban samu aiki ba, ina zaune a gidansa ina jin kamar ba ni da amfani. Ana gobe baƙon zai zo, Kawu ya cire ƙotar takobin ya ajiye, ya tafi kai awara. Na ga ƙarfen da ke shiga cikin ƙotar ya yi baƙi ƙirin da tsatsa. Na ce kunya ce baƙo ya ga haka. Na ɗauko sosan ƙarfe na goge shi har ya yi fari tas.

Washegari da Kuramoto ya zo, ya daɗe yana juya takobin a hannu.

"Shigeharu, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, Baba," na ce.

"'Yata, da wannan tsatsar muke gane shekarun takobi. Yanzu ko ɗari huɗu ne ko ɗari, ba zan sa hannu a kai ba."

Kawu ya zuba wa baƙonsa shayi, ya raka shi tasha. Da ya dawo ya same ni a tsugune inda ya bar ni.

"Malama mai digiri, tashi ki wanke waken gobe. Shi kam ki goge son ranki."

Yau wata biyu ke nan da faruwar abin. Kawu yana ba masu sayen awara labarin gadar kamar da. Abin da ya ƙaru shi ne in ya kai ƙarshe sai ya nuna ni da ludayi ya ce, "Da ina da shaida ɗaya, ga wadda ta wanke ta."