Na Koyi Fito Saboda Karen Maigidana

Assalamu alaikum Edita, tare da masu bibiyar wannan fili. A shekarun da zan ba ku labari, ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu a wani ƙauye da ke bayan Mabai, kuma da za a tambayi mutanen unguwarmu wace mace ta fi kowa tsabta da faɗa, ba sai sun yi dogon tunani ba. Daga wajen Damari aka kawo ni, daga gidan malamai, inda aka tashe mu da cewa yawun kare najasa ne, in ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai. Da wannan na girma, har na ƙara da nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba a labarin nan sai na karen, don shi ba zai ji kunya ba.

Maigidana manomi ne, mutum mai sanyi da tsokana, wanda in kina zuba faɗa shi yana murmushi har ki rasa abin da za ki ƙara. Gonarshi ta masara da dawa tana can nesa, bakin daji, inda birai ke ɓarna kamar su suka yi shuka. Wata rana ya shigo da ɗan kwikwiyo ja a aljihun rigarshi. Na yi tsalle na dire, na ce ko ni ko shi a gidan nan. Mahaifiyarshi, wadda muke kira Inna, ta fito tana tambayar lafiya, ya ce mata ba komai, ƙyale ta. Ƙanenshi ya leƙo, ya ce mashi ƙyale ta. Kafin kwikwiyon nan ya yi wayo sunan ya bi shi, kowa Ƙyaleta, kowa Ƙyaleta, alhali namiji ne. Duk wanda ya kira karen nan ni yake yi wa habaici, kuma na sani. Shi kuwa uban gayyar bai cika kiran shi da suna ba, fito yake yi mashi, wani ɗan fito nashi na kanshi, da kare ya ji ko yana ina sai ka gan shi a guje. Shekara da shekaru karen nan yana kwana a zaure, ban taɓa miƙa mashi ko ƙanzo da hannuna ba. In ya leƙo tsakar gida muciya ce gaisuwarmu.

Ranar da abin ya faru kaka ce, ana karyar masara. Maigida ya sha kunu ya fita da sassafe, kare na gabanshi. Da hantsi muka fara jin harbi daga wajen gonaki, sai ƙarar babura, sai mutane suka fara shigowa gari a guje, wani ba takalmi, wani ba hula. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan tamu ya san abin da wannan ke nufi, ba sai na tsaya bayani ba. Na tsaya a bakin zaure ina duban fuskar duk wanda ya wuce. Wani ya ce ya ga an kora maigidana cikin waɗanda aka shiga daji da su. Wani ya ce a'a, ya gan shi ya yanki gudu ta yamma. Maza suka yi ta maza suka leƙa gonar tashi a gurguje, suka tarar da buhuna a zube, babu shi babu alamarshi, suka dawo don kowa na tsoron ranshi.

Bayan la'asar sai ga wani abu yana jan ciki a kan hanya, ƙuda na bin shi. Wallahi da farko ban gane shi ba. Ƙyaleta ne. An sare shi da adda tun daga allon kafaɗa har kan haƙarƙari, naman ya buɗe, ƙafar baya ɗaya ta karye tana lilo. Ya jawo jikinshi har bakin zauren, ya ɗora kai a kan dokin ƙofa, ya tsaya nan. Ƙanen maigida ya duba ya ce tausayi shi ne a ƙarasa shi, ya juya zai ɗauko sanda. Ban san lokacin da na sha gabanshi ba. Na ce ya dubi inda saran yake, ta gaba ne, karen da ya gudu ba a saran shi a kafaɗa, wannan tsayawa ya yi. Na ce idon da ya yi wa yayanshi ganin ƙarshe ke nan, kuma duk wanda zai taɓa shi sai ya fara da ni. Ya yi sororo yana kallona, ya ce yau kuma ni ce da Ƙyaleta, lallai duniya ta zo ƙarshe.

Washegari na matsa mashi sai da ya ɗauke mu a babur zuwa Ƙanƙara, wajen wani malamin dabbobi da ke duba shanu. Ni da ko inuwar kare ba na so, ni ce na naɗe shi a buhu na rungume a cinyata, jininshi ya jiƙa mani zane. Malamin dabbobin ya ce shi shanu da tumaki ya saba, amma rai rai ne. Ya wanke ciwon, ya ɗinke, ya ɗaure ƙafar da kara, ya yi mashi allura. Da za mu tafi ya ce mani ɗinki nashi ne, amma sauran aikin na ciki ne, in karen nan ya ci abinci zai tashi, in ya ƙi ci kada in wahalar da kaina.

Ai kuwa ya ƙi ci. Na kai mashi kunu, na kai mashi tuwo da romo, har nono na saya, ya kawar da kai. Ina laifinshi? Hannun da ya saba zuwa da muciya ne yau ya zo da kasko. Na kira shi da sunan nan da na tsana har bakina ya gaji, ko kunne bai kaɗa ba. Yana kwance yana ramewa, ni ma ina ramewa, don yawancin gidajen da aka kwashe masu mutane an fara kiran su a waya ana neman kuɗin fansa, mu kuwa tsit. Sai na tuna da fiton. Na zagaya bayan rumbu inda ba mai ganina, na tsuke baki ina hurawa, iska kawai ke fita. Mace da 'ya'ya huɗu, ɗiyar malamai, tana koyon fito a bayan rumbu, ku dubi wannan abu. Ina cikin haka Inna ta kama ni. Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce mace da fito, so nake in tara mamu aljanu a gida bayan abin da muke ciki? Na ce mata Inna, ba ya ci, muryar mai shi yake jira. Ta juya ta koma ɗaki. Can an jima sai ga ta ta dawo da tabarma, ta zauna, ta ce ai ba haka yake yi ba, ɓata shi nake yi. Ta ce tun yana yaro yana kiwon awaki yake wannan fiton, ja yake yi sau ɗaya mai tsawo, sa'an nan ya ɗaga sama sau biyu gajeru. Ita ba ta iya yi, haƙoran sun zube, sai dai ta rera da hanci in bi ta. Haka muka zauna ni da surukata, tana gyara mani ina sakewa, tana dariya hawaye na bin kumatunta.

Ranar da fiton ya fita daidai ina durƙushe a gaban kare. Kunnuwanshi suka miƙe tsaye. Ya ɗaga kai, amma ba ni ya duba ba, bayana ya duba, wajen ƙofa. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan. Da ya ga ba kowa sai ya yi wani ɗan kuka can cikin maƙogwaro, ya sunkuya ya fara lasar kunun. Na toshe bakina da gyale na yi kukan da ban yi ba tun ranar harbin.

Daga nan ya fara samun sauƙi. Ɗinkin ya kame, ya tashi da ƙafa uku, sannu a hankali ta huɗun ta fara taɓa ƙasa. A nan ne zuciyata ta yi mani saƙar da ba ta dace ba. Na ƙudura a raina cewa muddin karen nan na numfashi, mai shi ma yana numfashi. Ya ci in ce an ba maigida abinci a daji. Ya miƙe in ce maigida ya samu ƙarfi. Ranar da ya taka da ƙafa huɗu na toya waina na raba sadaka, na sa kwalli. Liman ya aiko mani cewa in ji tsoron Allah, ran wani ba a rataye yake a wuyan wani ba, balle na dabba. Na ce a gaya mashi na ji, na ci gaba da abina.

Da ƙarfinshi ya dawo sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum da safe zai ɗingisa har ƙarshen gari, hanyar gona, ya tsaya ya waigo yana kuka, ya dawo ya sake komawa. Sai na samo igiya na ɗaure shi a turken zaure. Na ce wa mutane tsoro nake kada ciwon ya fashe. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Jikina ya ba ni abin da yake so ya nuna, ni kuma ban shirya gani ba. Ya kwana biyu a ɗaure, yana jan igiya har ta ci mashi wuya. Wata safiya Inna ta same ni ina shara. Ta kira ni ɗiyata, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ita ta haifi maigida, kuma rashin sani ya fi dare duhu. In yana raye kwance igiyar ba zai kashe shi ba, in kuma ya riga mu gidan gaskiya, to yana da haƙƙin sutura a kanmu. Da hannuna na kwance shi.

Ƙanen maigida da wasu maza suka bi shi da hantsi. Daga baya suka ba mu labari cewa ko kallon gonar bai yi ba, ya wuce ta ya yanki yamma, yana ɗingishi yana waigensu, har wani kwazazzabo da ciyawa ta rufe. Ya gangara ya kwanta a gefen abin da ya rage. Da rigarshi suka gane maigida ne, da takalmin roba da ya ɗaure da waya. Daga can wurin karen nan ya jawo cikinshi har gida da wancan saran a jikinshi. Suka naɗo gawar maigida, aka yi mashi salla, aka kai shi makwancinshi kusa da mahaifinshi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan ɓoye maku ba, haushin karen na ji. Na shiga takaba ko kallon zaure ba na so. Ina cewa a raina na yi jinyarka, na zubar da mutuncina ina fito, abin da za ka saka mani da shi ke nan? Inna ce ta riƙa ba shi abinci, tana rera fiton da hanci. Kuma abin da ya fi ci mani rai shi ne duk kwanakin da igiyar nan ta yi a wuyanshi, uban 'ya'yana yana kwance a fili, rana na dukan shi.

Ina cikin takabar wata maƙwabciyata ta shigo. Mijinta ma tun ranar harbin ba a ji ɗuriyarshi ba, ba waya, ba gawa. Ba ta da aure ba ta da takaba, yaranta kullum sai sun tambaye ta. Bayan ta yi mani gaisuwa sai ta kwance bakin zanenta ta fito da tsohuwar hular mijinta. Ta ce don Allah in ara mata Ƙyaleta ya sunsuna, ko zai kai su inda nata yake. Muka fita zaure tare, ta miƙa mashi hular. Ya sunsuna, ya dube ta, ya mayar da kai ƙasa ya kwanta. Ta ninke hularta a hankali, ta ce mani ai shi mutum ɗaya ya sani, Allah ya ba ni abin da bai ba ta ba. Bayan ta fita na durƙusa na dafa kan karen nan, na yi wa Allah godiyar da ya kamata in yi tuntuni.

Yanzu mun koma Faskari wajen 'yan'uwa, kamar yadda da yawa suka bar ƙauyukansu. Kare yana tare da mu, da ɗingishinshi da tabon da gashi ya ƙi fitowa a kai. Har gobe in ya taɓa ƙwaryata ina wankewa, addinina bai canza ba, amma muciya ta daina tashi. Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗunshi, ko da yake warkewar tashi ba abin da na roƙa ta kawo mani ba. 'Yan'uwana mata, musamman mu da wannan masifa ta zagaye, kada ku wulaƙanta abin da ke da rai a gidanku don kuna ganin ba shi da daraja, ba ku san ta hannun wa Allah zai rufa maku asiri ba. Kuma kada ku rataya begenku a kan camfi, kada tsoron labari ya sa ku ɗaure mai kawo shi, don wanda ke can kwance shi ke biyan jinkirin. Ku saka maigidana a addu'a, ku saka Inna. Amma in addu'ar taku guda ce, ku ba maƙwabciyata, don ita har yau hular tana ƙulle a bakin zanenta.