Matakalar Kawu Kafinta

Kawu Kafinta ba kawun kowa ba ne a layinmu, amma kowa haka yake kiransa. Shekara talatin ya yi yana fama da katako. Da kafaɗarsa ta gaji da zarto sai ya rufe shago, ya sa kujeru a tsohuwar motar da yake kai kaya da ita. Yanzu masu ranar ganin likita yake ɗauka: masu wankin ƙoda, masu awon ciki, tsofaffi masu ciwon ido. Asibitin unguwa ke ba shi sunayensu, shi kuma ya bi su gida-gida. Ba ya danna wa kowa hon, sallama yake yi.

Bara Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ta riƙa zuwa motsa gaɓoɓi Litinin da Alhamis, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Ranar farko ni da yayana muka cicciɓe ta muka sa a motar, maƙwabta na kallo. Da muka dawo ta ce ta gama.

"Ni ba buhu ba ce," in ji ta. "Gara ƙafar ta tafi."

Inna kuwa in ta kafe, ta kafe. Sau biyu motar tana zuwa tana komawa babu ita, tsoro ya hana ni sukuni.

A zuwa na uku Kawu ya shigo da tef ɗin awo a wuya, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Yaya, ɗaga min ƙafar nan iyakar ƙarfinki."

"Takalmi za ka ɗinka min?"

"Kafinta nake, kar ki ɓata min suna."

Ta ɗaga, bai fi faɗin yatsa huɗu ba. Ya auna, ya rubuta a tafin hannunsa. Ranar Alhamis sai ga shi da matakala mai hawa biyar gajeru, da mariƙi ta gefen hannunta mai lafiya, ya ajiye ta a ƙofar motar. Ta hau da kanta a hankali, tana mita wai katakon yana ƙara. Daɗi ya kama ni har na juya baya don kada ta ga hawayena.

Duk wata yakan sake awo, ya rage hawa ɗaya. Makon jiya ya ajiye mata mai hawa ɗaya da ta saura, Inna ta ture ta da sanda, ta kama ƙofar mota, ta shige.

"To Yaya, kin kashe min sana'a," in ji shi.

"Adana abarka," ta ce tana gyara zama. "Tun ɗazu nake jin gwiwarka tana ƙara."