Kurciyoyin Baba da Ɓerayen Sito

A shekarun da kuɗin mai ya shigo gari, kowa na rushe ginin ƙasa yana ɗora na bulo, a lokacin ne Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bakinsa ya karkace, magana ta daina fita. Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma ba nisa da gidanmu na Ƙofar Kaura, don haka da an tashi makaranta can nake fara biyawa.

Abin da ya rage yana sa fuskarsa ta saki shi ne tsuntsaye. Tun yana da lafiya yakan watsa musu gero a gindin bedin, wato dogon yaron, da ke bayan ɗakinsa. Da ya kwanta ciwo, sai mu fito da shi kan tabarma, mu jingina shi da bango, ya yi ta kallon kurciyoyi da gwara suna tsinta.

Ana haka maƙwabcinmu ya gina sito jikin katangarmu, ya cika shi da buhunan shinkafa 'yar waje. Ɓeraye suka cika unguwa, har da gafiya. Da rana tsaka za ka ga sun fito suna cin geron, tsuntsayen na bisa reshe sun ƙi sauka. Baba ya riƙa buga tabarma da hannunsa mai lafiya, yana dubana.

Ba abin da ban gwada ba. Na daina watsa geron a ƙasa, na sa maƙeri ya kafa mini bututun ƙarfe da faranti a samansa. Ɓeraye suka hau. Na shafe bututun da baƙin mai, na huda tsohon kwano na kifa shi ƙarƙashin farantin. Wannan ya tare su, sai tururuwa ta samu hanya ta reshen da ke taɓa farantin. Muka sare reshen, Inna ta zagaye gindin ƙarfen da toka. Na koyi zuba ɗan abin da tsuntsayen za su cinye kafin la'asar, in share wanda ya zube, in canza musu ruwan sha na kasko kullum. Amma kurciya barbaza abinci take yi, kuma ta fi son ƙasa. Duk ƙwayar da ta faɗo, ɓera na jiranta.

Wata Juma'a yayana ya shigo da ƙullin maganin ɓera daga Babbar Kasuwa.

"Yaya, kar ka sa shi inda tsuntsu zai gani," na ce masa.

"Cikin rami zan tura shi. Ke dai kin cika tsoro."

Ya kwaɓa shi da tsakin gero ya tura a ramukan. Ɓerayen suka turo shi waje da ƙasar da suke tonowa. Washegari da na zo, na tarar da Inna tsaye da tsintsiya ba ta shara. Kurciyoyi ne kwance a gindin bedin, ɗaya tana ta shure-shure. Baba na kan tabarma, komai a gabansa ya faru.

"Mi za mu ce mashi?" Inna ta tambaye ni a hankali.

Na ɗauki mai sauran ran, na ɗura mata madara kamar yadda na ji ana yi, ta mutu a tafin hannuna. Baba ya juyar da kai wajen bango.

Na je na roƙi maƙwabcin ya toshe ramukan da siminti ta ɓangarensa. Ya tarbe ni da mutunci, ya yi wa Baba addu'a, ya ce zai sa a duba. Ba a duba ba.

Na ci gaba da zuba geron. Gwara suka dawo, kurciya kuwa sai jefi-jefi. Daga baya Baba ya fara ƙin a fito da shi; in mun kama shi sai ya riƙe ƙafar gado. Muka bar shi a ɗaki, Inna tana buɗe masa taga in zafi ya yi yawa.