Alluran Ilyasu Ba Na Jifa Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Talata, sha biyu ga Maris 1957, saura kwana ashirin azumi, Allah ya karɓi ran Ilyasu wanzami, tsohon soja, a gidansa na Sabon Garin Maraɗi. Mu tara muka sallace shi. Tara, a garin da ya yi wa rabin mazansa aski!

Ilyasu, na rubuta wannan ne don a daina yi maka ƙarya.

Da Faransawa suka kai ka yaƙin Andoshin, can ƙasashen gabas mai nisa, kowa ya dawo da lambar yabo, kai ka dawo da akwatin allurai sirara da sassaƙe mai ɗaci. Wani tsoho mutumin ƙasar Sin ne ya koya maka magani da su, bayan ya ga yadda kake kafa ƙaho. Amma mu nan, allura a jikin mutum abu ɗaya muka sani da ita: jifa, aikin mugun boka.

Yayata Maijidda ta Jiratawa ce ta fara gwada ka. Lokotoron Bature ya ɗauki hoton ƙirjinta, ya ce ciwon daji ya cinye huhun, a mai da ita gida. Wata biyu tana barci a zaune, in ta kwanta numfashi ya sarƙe. Ka riƙe wuyan hannunta tsawon lokaci, ka ce mini, "Malam, ba ni iya warkad da ita, kar in ruɗe ka. Amma in Allah ya so, ta kwanta." Ka kafa allura bakwai, ka dafa sassaƙe. Kwana na huɗu ta kwanta, ta sha fura, har ta yi wa jikokinta faɗa. Ta ga girbin gero kafin ta cika.

To, sai surukinta Abdu na Tibiri, wanda ya taɓa leƙowa ya ga alluran a bayanta, ya shiga cewa kai ka jefe ta. Ya kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki, aka tsare ka kwana goma. Ka fito, babu mai miƙa maka kai. Wallahi har yau raina yana ɓaci in na tuna.

Sannan irin ciwon nan na Maijidda ya kama ka. Aka ce alhaki ne. Alhakin me? Ni nake zuwa da hantsi, kana nuna mini inda hannunka ba ya kaiwa a bayanka, ina kafawa, kana tari kana yi mini tsiya: "Hannun alƙalami, sai rawa!" Ba ka warke ba, ba ka kuma taɓa cewa za ka warke ba. Amma a kwance ka cika, ka yi shahada da cikakken numfashi.

Danginka sun so su jefa akwatin a Gulbi, na hana. Jiya Abdu ya yi sallama a ƙofata, kansa a ƙasa. Mahaifinsa sati uku ke nan yana barci a zaune. Na so in ce ya je maƙabarta ya roƙe ka. Na tuna kai ba za ka faɗi haka ba.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata maka kabari yadda ka yalwata wa mutane ƙirji. Ya ba Rabi matarka da 'ya'yanku haƙuri. Gobe da hantsi zan tafi Tibiri da akwatinka a hannu, ta tsakiyar kasuwa zan bi.