Gafakar Baffa

Jiya a tashar Madawa warin ƙonannen mai ya tuna mini da Baffa, ƙanen babana, direban wani ɗan kasuwa.

Lokacin yaƙin Turawa ne, kayan gyara sun yanke. Da hantsi ni da shi da babana muka baro Garhanga a tsohuwar motarsa ta kaya, za mu likita da innata, wadda maciji ya sara. Kafin mu kai Buza mai ya fara tsiyaya. Baffa ya kwance gaban injin, ya ce fatar da ke tare mai ta cinye.

Sai ya ɗauko gafakar Alƙur'anin kakanmu, wadda ba mai taɓawa sai da alwala. Ya naɗe takardun cikin rawaninsa, ya miƙo mini, ya zaro wuƙa.

Babana ya cafke hannunsa. "Subhanallahi! Mi kake yi? Ka haukace?"

"Yaya, sake ni. Littafin na hannun ɗanka. Wagga fatar akuya ce, matarka kuwa rai gare ta."

Ya yanko zobe daga fatar gafakar, ya jiƙa da mai, ya ɗaura a injin. Mun isa Madawa da la'asar, inna ta warke. Babana bai sake yi masa magana ba sai bayan girbi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa.